Likita ya ce kemo sannan aiki, Inna ta ce daji bai son ƙarhe, ku ba ni shawara

Baiwar Allah, Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, wlh na rasa wanda zan hwaɗa ma wa, kuma ban son a gane ni shi ya sa ban sa sunana ba. Shekarata 38, ɗiyana huɗu, autan bai daɗe da yaye ba. Tun ina shayar da shi nike jin wani ƙullutu cikin nonona na hagu, da tauri amma bai min ciwo ko kaɗan, kowa na gida yac ce ruwan nono ne ya daskare da na yaye zai baje. To na yaye bai baje ba, sai ma kan nonon ya riƙa shigewa ciki ga kuma kaluluwa ta hito min a hammata. Maigidana ya kai ni asibiti anka yi sikanin, anka sa wata allura mai kauri anka ɗebi tsoka anka kai gwaji, da sakamako ya hito likita yac ce ciwon daji ne na nono. Daga jin haka ban ƙara gane komi ba, bakinai kawai nike gani shina motsi. Abin da maigida ya riƙo shi ne wai za a hwara da kemo, sannan a yi aiki a cire nonon, bayan nan a yi gashi na inji.

To matsalar tana gida. Inna, uwar mijina, kuma wlh tana sona don ita ke min wankan jego duk haihuwa, hankalinta ya tashi tac ce daji bai son ƙarhe, duk wadda ta sani da anka yanka ba ta shekara ba, kuma ai tun da anka soka min allurar nan ga shi nan ya ƙara girma. Ni ma in na taɓa sai in ji kamar ya ƙaru. Tac ce akwai wani mai magani can cikin ƙauye da ke ba da na sha da na shafawa abin ya tsotse ba yanka, a ba shi wata uku in bai yi ba sai a koma asibiti. Maigida ya rasa ta cewa, bai son saɓa ma uwa tai kuma ina ganin tsoro a idonai.

Ni kuma ga nawa. Da gaske ne allura ko wuƙa na watsa shi? Ba a iya cire ƙullutun kaɗai a bar min nonona? Kemon nan da ake cewa ita ke kashe mutum tun ciwon bai kashe shi ba, mi ag gaskiyar ta? Yaron da ya sha wanga nonon fa, da ɗiyan da muke ci kwano guda? Sannan wanda nike jin kunyar tambayar likita, in anka cire ƙaƙa zan zauna da mijina, kwana nike ina tunanin kishiya alhali ma ban san ko zan rayu ba. Duk wadda ta taɓa shiga wanga hali ko ta yi jinya ta taimake ni don girman Allah.

Anti ta Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai, Allah shi ba ki lahiya shi sa kaffara ta. Ni ma nan anka biyo da ni, nono guda gare ni yanzu kuma ga ni da hannuna nike rubuto maki, ina zuwa wurin aikina, bayan aikin ma na aurar da ɗiyata ta hwarko na yi rawa a bikin. Don haka hwara da numfasawa.

Zancen ƙarhe na bar ma masana, ni bari in gaya maki kemo don ita na sani a jikina. Ƙarin ruwa na ake sa maki a jijiya, ki zauna 'yan awanni ki koma gida ranar, sai bayan sati uku ki dawo, kuma kahin kowane zagaye sai an auna jininki an ga ya isa sannan a sa. Akwai wani magani ja a ciki, in kin ga hitsarinki ya yi ja yini guda ko biyu kada ki tsorata, launin maganin na ba jini ba. Kwanakin hwarko bayan an sa su ne masu wuya, tashin zuciya, kasala wadda ko tsintsiya ba ki iya ɗauka, baki ba ɗanɗano, ƙamshin suyar albasa daga gidan maƙwabta ma sai ki ji kamar ki gudu. Sati na biyu ki ɗan miƙe, na uku ki ji kin koma mutum har ki yi ma ɗiya hwaɗa, sai kuma ranar komawa ta yi. Haka take zagayawa har a gama. Maganin amai da za su ba ki ki sha shi bisa lokacin da sunka ce, kada ki jira sai aman ya taso. Ni citta cikin ruwan ɗumi da kunu mai ruwa ruwa sunka riƙe ni, kaɗan kaɗan sau da yawa, ba a cika kwano a aje maki gaba ba. Ruwa kau ki sha shi sosai, kin san zahin garin ga in bazara ta kama sama da digiri 40 muke kwana muna tashi. Abin da ya hi min ciwo hura da nono, don an hana ni nonon da ba a dafa ba na talla lokacin da jini ke ƙasa, da latas da duk ɗanyen ganyen da ban ga wankinai ba.

Suma za ta zube, wajen sati biyu zuwa uku bayan zagayen hwarko, har gira. Shawarata ki kwance kitso ki sa a rage maki ita tun ba ta hwara ba, don tashi ka gan ta bisa matashin kai ya hi askin ciwo. Mu dai Allah ya rufa muna asiri da kallabi da hijabi, maƙwabtana da yawa har na gama ba su sani ba. Tana dawowa bayan an ƙare, tawa ma da laushi ta hito. Farce da tahin hannu kan yi duhu, su ma suna washewa.

Zancen nono kuma ba zan maki ƙarya ba, ranar da anka kwance bandeji na yi kuka, kuma har yau wani lokaci wurin wanka nikan yi shiru. Amma ana sabawa ƙanwata. Wata tela mace ta ɗinka min ɗan matashi da auduga ina sa wa cikin rigar nono, in na sa atamfa ba mai ganewa, akwai kuma na roba da ake saidawa in da hali. Hannun gehen da anka yi aikin shi za ki lallaɓa, za su koya maki motsa shi, ki tsaya gaban bango kina hawa da yatsu sama kullum, kada ki bari kahwaɗa ta sandare, daka da jan guga da goyo sai a hankali in likita ya yarda. In kin ga hannun na kumbura ki koma ki nuna.

Kishiya kuwa, ki bar ni in yi dariya kaɗan, namijin da zai ƙara aure ko nono huɗu gare ki sai ya ƙara, kin ga mata nawa lahiyarsu lau anka yi musu? Nawa mijin ni na riƙa ɓoye mai, ina kashe hitila ina juya baya, shi ne wata rana yac ce min shi ba nono ya aura ba. Ban ce kowane namiji haka shike ba, na ga wadda nata ya gudu tun a layin karɓar kati. Amma naki da ya kai ki asibiti da kai nai kuma ya riƙe bayanin likita sadda ke kinka ruɗe, ban ga alamar mai gudu ba.

Abu guda kuma, ki zaɓi waɗanda za ki gaya ma wa. 'Yan dubiya na zuwa da niyya mai kyau amma kowa da maganinai a jaka da labarin wata da ta mutu. Ki samu 'yar uwa guda mai ƙarhin hali ta zama ita ke tare maki ƙohwa.

Malamar jinya:

Salam 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni nas ce kuma na daɗe ina aiki da masu wannan lalurar, sai dai ban ga fayil ɗinki ba, don haka maganar likitanki tana gaba da tawa.

Inna ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta ga waɗanda aka yanka suka rasu, ta gani ɗin. Abin da ba ta gani ba shi ne a wane hali aka kawo su. Yawancin matanmu sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, ya fashe ko ya riga ya tafi huhu ko hanta ko ƙashi, an gama zagaye masu magani kuɗi sun ƙare, sannan a kawo su asibiti, in aka rasa su sai a ce wuƙa ce. Waɗanda aka yi wa da wuri suka tashi kuma ba sa yawo suna shela, suna nan cikin hijabinsu kusa da ke a gidan suna ba ki sani ba, ga Anti nan ta faɗa da bakinta. Allurar ɗibar tsoka ba ta watsa ciwon. Wurin yakan ɗan kumbura ko jini ya taru na 'yan kwanaki shi ya sa kike jin kamar ya ƙaru, kuma shi ciwon dama girma yake yi tun kafin a taɓa shi, ba zai tsaya jiran kowa ba. Wata ukun da ake cewa a ba mai magani shi ya fi komai tayar min da hankali a rubutunki, tunda har kaluluwa ta fito a hammata.

Ki duba wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon dajin nono a duniya, 670,000 suka rasu. A Najeriya shi ne kan gaba cikin ciwon dajin mata, ƙiyasin wannan shekarar ya haura mutum 30,000 sabbin kamuwa. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan an gano, a Afirka ta Kudu wajen kashi 40. To ai su ma can da ƙarfe ake musu aikin. Zuwa da wuri da kuma kai magani ƙarshe su suka raba.

Dalilin fara kemo kafin aiki shi ne ta rage girman ƙullutun, ta bi jini ta kashe ƙwayoyin da suka riga suka sulale, kuma likita ya ga yadda ciwon ke jin magani. Wani lokacin in ya ragu sosai akan iya cire shi da ɗan naman da ke kewaye a bar nonon, da sharaɗin dole a yi gashi bayan nan, amma ya danganta da girmansa da inda yake da ko ya taɓa fata ko kan nono. Ki tambaya kai tsaye, haƙƙinki ne, in ya ce naki ba zai yiwu ba ki sa ya gaya miki dalili.

In za ki koma ki je da takarda da biro da mutum na biyu. Ki tambayi matakin ciwon. Ki tambaya ko an yi gwajin ER da PR da HER2, galibi a kan tsokar da aka riga aka ɗiba ake yi ba sai an sake soka ki ba, kuma shi ke nuna irin maganin da zai yi miki aiki. In ER ko PR ya nuna, ciwon da sinadarin mata yake girma, bayan an gama sai a ɗora ki a kan ƙwaya irin tamoksifen guda ɗaya kullum shekara 5 zuwa 10. In HER2 ne akwai allurar da aka fi sani da Herceptin, ana yin ta kusan shekara guda, tana da tsada amma tana aiki. In duka ukun babu, kuma irin wannan yana da yawa a matanmu na Afirka ta Yamma, to kemo ce babban makamin, ba a wasa da ita. Za su kuma so hoton ƙirji da na ciki da gwajin zuciya kafin jan maganin nan. Gashi kuma haske ne inji ke haskawa a wurin, 'yan mintuna kullum Litinin zuwa Juma'a na sati uku zuwa biyar, ba wuta ake sa wa mutum ba, kuma nan Sakkwato akwai sashensa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, daga Kebbi da Zamfara har Nijar ana zuwa.

Kemo tana da wahala kuma tana da haɗari guda da nake so ki riƙe da kyau. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suna yin ƙasa. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye. In ya kai 38 ko kina rawar sanyi, ko da tsakar dare ne, asibiti za ki nufa ki ce musu kina kan kemo, ba kemis ba, ba a ce maleriya ce a sha Panadol a kwanta ba. Sau da yawa labarin kemo ta kashe wance irin wannan zazzaɓin ne aka zauna da shi a gida.

Ciwon dajin nan ba a ɗaukarsa. Yaronki bai sha ciwo a nono ba, ku ci kwano ɗaya, ki rungumi 'ya'yanki, ki kwana da mijinki. Ba sa kuɗi ko waya a rigar nono ke kawo shi ba, ba kuma wani laifi kika yi ba, kusan rabin masu shi ba a samun wani dalili tare da su ban da kasancewarsu mata da shekaru. Na gado kaɗan ne, kashi 5 zuwa 10, amma ki gaya wa 'yan uwanki mata su riƙa duba kansu. Ciki ne dai ba a so a wannan lokacin, al'ada na iya ɗaukewa amma duk da haka ana iya samu, ki yi magana da likita kan hanyar tazarar haihuwa da ba ta sinadari ba.

Mai neman lada:

Allah ya sawwaƙe. Ni dai a ganina kada a raina na gargajiya, iyayenmu da shi suka rayu kafin zuwan Bature. Akwai wanda na sani yana haɗa habbatus sauda da zuma da wasu saiwoyi kuma mutane na cewa sun dace. Asibitin nan kuɗi kawai suke ci. Ki gwada na Inna ɗin tukuna, in Allah ya sa an dace ba shikenan ba an huta da yanka.

Ƙanwar marigayiya, Gwadabawa:

Malam mai neman lada don Allah ka ji tsoron Allah, ka san abin da kake cewa kuwa? Yayata uwa ɗaya uba ɗaya haka anka ce muna, a gwada tukuna. Sadda anka gano nata ƙullutun bai kai naki ba baiwar Allah, likita yac ce a yi aiki, dangin miji sunka ce atabau. Anka kai ta wurin wani ya ba da wani baƙin abu na shafawa yac ce zai jawo dajin waje, abin ya cinye fata wurin ya zama gyambo, in ya yi ruwa sai ya ce ai dafin ne ke hita a ƙara haƙuri a ƙara kuɗi. Akuyoyinta da ɗan kunnen zinarinta duk can sunka tahi. Daga baya ko ɗakin ba a iya shiga sai da turaren wuta, ita da kanta take ba mu haƙuri kan warin, wannan ba ni mantawa. Sadda munka kawo ta Sakkwato ya riga ya kama ƙashin baya, likitoci sunka yi iya yinsu sunka rage mata zogi da wankin gyambo, Allah shi saka musu, amma lokaci ya wuce. Ɗiya biyat ta bari. Kuma ka san mi? har yau a garinmu akwai masu cewa asibiti ya kashe ta.

Ba wanda ya hana addu'a. A yi tohi, a sha zamzam, a yi sadaka, a tashi dare, mu Musulmi na. Amma a yi su ana bisa maganin asibiti. Baiwar Allah in Inna na son jin labari ki karanta mata wanga nawa.

Malamar jinya:

Allah ya jiƙanta 'yar uwa. In ƙara da cewa ko ana kan kemo kada a haɗa da jiƙe jiƙen saiwoyi a ɓoye, hanta da ƙoda ne ke tace duka biyun, in suka gaji dole a dakatar da kemon. Duk abin da za ki sha ki nuna wa likita, ba zai cinye ki ba.

Wani maigida, Runjin Sambo:

Salamu alaikum. Ku gafarce ni na shigo zancen mata, iyalina ce ta nuna min tac ce in yi magana don mijin baiwar Allah ya gani, mun yi wagga jinya kuma Alhamdu lillahi tana nan tana shan ƙwayarta.

Ɗan uwa, kai nike ma wa. Uwa ba a yi mata gardama, gaskiya ne, amma ana iya lallashinta. Ni tawa Hajiyar haka ta tsaya, ban ce mata ba ta sani ba, cewa na yi Hajiya zo mu je ki ji da kunnenki ki yi ma likitan duk tambayar da kike so. Na roƙi likita ya ba mu minti goma, ya zauna ya yi mata bayani da Hausa ya kira ta Mama, sannan wata nas ta haɗa ta da wata dattijuwa da anka yi ma aikin shekaru da sunka wuce ta zo ganin likita. Tun a mota Hajiya ta canza magana. Na kuma je wurin limamin unguwarmu shi ya zo gida ya tuna mata cewa Annabi SAW ya yi umarni da neman magani kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sannan na ba ta aiki, ita ad da kula da ɗiya da kunun mara lahiya da addu'a. Tsohuwa in ta ji an ware ta ne take ƙara tauri.

Sai kuɗi, kuma nan ne maza ke karyewa. Kada ka yi lissahin zagaye guda, ka sa a rubuto maka tsarin duka tun daga gwaje gwaje, kemo nawa, aiki, gashi, ƙwayar bayan nan, ka san dutsen da ke gabanka. Farashi na canzawa shi ya sa ban sa adadi ba. Abin da ya hi komi muni a hwara a tsaya tsakiya don kuɗi sun yanke, na ga mutane da yawa sun yi biyu sun ga ƙullutu ya ragu sun ce an warke sun tahi, sai su dawo ya hi da. Ka tara 'yan uwa tun yanzu ka hwaɗa musu gaskiya, kunya ba ta biyan magani. Ka je ofishin walwala na asibiti ka tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, a 2021 anka hwara shi da asibitoci shida har da na Shika a Zariya kuma ciwon nono na ciki, su za su gaya maka ko ana samu da yadda ake cikewa. Ka kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, suna taimakon marasa lahiya. In kai ma'aikaci ne ka bincika mi inshorarka ta lahiya, ta tarayya NHIA ko ta jiha SOCHEMA, ke ɗauka. Ko rabin zagaye anka ɗauke maka ai an rage. Ka kuma shirya ƙannenka biyu ko uku masu iya ba da jini tun ba a nema ba.

Ranar kemo ka kai ta da kanka in da hali, in ba hali ka kira. Za ta yi hushi ba dalili, za ta ce ka tahi ka auri mai lahiya, kada ka biye mata kuma kada ka yi wasan ƙarin aure ko da raha ne. Azumi in ya riske ku cikin magani ku tambayi likita, mara lahiya an yi mai rangwame ya rama daga baya, tawa sai da limam ya sa baki ta yarda ta sha. Lokacin da ɗinki bai warke ba kuma akwai taimama da shafa bisa bandeji, ku tambayi malami ya koya muku yadda ake yi.

Baiwar Allah, Mabera:

Wlh ban san da wane baki zan gode muku ba, Allah shi saka da alheri shi jiƙan yayarki 'yar uwa ta Gwadabawa. Na ba maigida wayar ya karanta duka, na Runjin Sambo sau biyu ya karanta bai ce komi ba ya tashi ya tahi ɗakin Inna. Ban san mi sunka tattauna ba, da sahe dai tac ce za ta bi mu asibiti ta ga likitan da idonta, amma ta ce ita fa ba ta bar zancen mai maganinta ba kuma zamzam da tohi dole. Na ce mata na yarda da zamzam da tohi. Na shafawar ne nike addu'a kada ta aiko a kawo, in ya zo ban san yadda zan ƙi ba tare da na ɓata mata rai ba, maigida yac ce in bar mai wannan.

Na duba takardar sakamakon ban ga ER ko HER2 ko guda ba, kenan ba a yi ba ko? Na rubuta cikin tambayoyina. Har yanzu tsoro bai bar ni ba musamman in dare ya yi, jiya babbar ɗiyata mai shekara 14 ta tambaye ni mi ke damuna na ce ciwon kai, ban san ko in gaya mata ba tun suma ba ta zube ba. Anti ta Arkilla na turo maki saƙo ta ciki don Allah ki duba, ina son lambar telar nan. Malama nas, gwajin zuciyar da anka rubuta min Litinin, ba a cin abinci ake zuwa?

Malamar jinya:

Ki karya kumallonki ki je, hoton zuciya ba ya buƙatar zama da yunwa, na ciki ne wani lokaci ake cewa kada a ci, ki duba abin da aka rubuta a takardar. ER da HER2 sau da yawa daban ake biya kuma daban sakamakon ke fitowa, ki nuna wa likita ya rubuta miki. 'Yar shekara 14 kuma ta riga ta san ba ciwon kai ba ne, ki zaunar da ita ke da babanta ku gaya mata kafin ta ji a bakin 'yan dubiya.